FILIN KIMIYYA: Tafinta Tsakanin Manhajar Aljabara Da Rumbunan Lissafi

Duk wanda ya zauna a ajin sakandare zai tuna ranar da malamin lissafi ya fara cusa haruffa cikin lambobi, ya rubuta x + 2 a jikin allo, ya ce a ninka shi da x + 3. Yaro mai kaifin kai yakan yi 'yan zane-zane ya ce amsa ita ce x² + 5x + 6. Wannan fanni shi ne aljabara, sunan kuwa ya samo asali ne daga littafin da Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi ya wallafa a Bagadaza wajen shekara ta 820. Jimla irin wannan mai gaɓoɓi a jere, kowace gaɓa da lambarta da harafinta, ita ce masana ke kira folinomiyal, lamba mafi girma da ke bisa kan harafin kuwa ita ce darajarta. Watau x² + 5x + 6 darajarta 2 ke nan.

Yau fiye da shekara hamsin ke nan da aka koya wa kwamfuta yin wannan aiki. A 1968 aka fara gina wata manhaja mai suna Macsyma a jami'ar MIT ta Amurka. A 1980 Maple ta biyo baya daga jami'ar Waterloo ta Kanada, sai Mathematica a 1988, sai Magma daga jami'ar Sidni ta Ostareliya a 1993. Bambancinsu da kalkuleta shi ne ba su yin kintace. In aka ba kalkuleta ɗaya bisa uku sai ta ce 0.333, ta yar da sauran. Manhajar aljabara kuwa takan riƙe shi ɗaya bisa uku cif, ta kuma juya haruffa kamar yadda malami ke juya su a allo. Abin da filin nan zai duba a wannan mako shi ne wata matsala da ke can cikin hanjin waɗannan manhajoji, watau yadda ake haɗa su da wasu rumbunan dabaru na waje don sarrafa jadawalin folinomiyal. Magana ce da ba a jin ta a kasuwa, amma ingancin amsar da mai bincike ke dogara da ita a nan yake.

Da farko dai, mene ne jadawalin? Mai karatu ya san hatimi, zanen nan mai gidaje a layi-layi, kowane gida da lambarsa. Malaman ƙasar nan sun daɗe da sanin lissafinsa, har Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan hanyoyin cika shi. Jadawalin masana lissafi, wanda suke kira matiriks, kamarsa ɗaya da hatimi a ido, sai dai ba a neman jimlar layukansa ta zo daidai. Abin da ake yi da shi shi ne a tara shi da wani, a ninka shi da wani, a rage shi zuwa siffa mafi sauƙi. To, in aka cire lambobin da ke cikin gidajen aka zuba folinomiyal a kowane gida, an sami jadawalin da ake magana a kai.

Kada a ɗauka wasan malamai ne. Injiniyoyin da ke tsara yadda na'ura za ta riƙa daidaita kanta, kamar matuƙin jirgin sama na atomatik, da irin wannan jadawali suke bayyana alaƙar abin da ke shiga na'urar da abin da ke fita. Daga wannan fage ne wani masani ɗan ƙasar Romaniya, Vasile Popov, ya fito da siffar da ake kira da sunansa a farkon shekarun 1970. Kafin shi akwai siffar Hermite ta 1851 da ta Smith ta 1861. Haka nan dabarar gyara saƙon da ya lalace a hanya, wadda Reed da Solomon suka ƙago a 1960, da folinomiyal take aiki, ita ce kuma ke sa faifan CD mai ƙarzuwa ya ci gaba da waƙa. A ƙarshen shekarun 1990 Madhu Sudan (sunan mutum ne, ba ƙasar ba) da Venkatesan Guruswami suka nuna yadda za a ceto saƙon da ɓarnarsa ta wuce iyakar da aka sani a da, kuma hanyoyi masu sauri na gudanar da dabararsu sukan bi ta rage jadawalin folinomiyal. Har ila yau, a watan Fabrairu na 2020 wasu masana shida daga Faransa da Amurka suka farfasa wata lamba mai alƙaluma 250 da ake kira RSA-250, suka gano lambobi biyun da aka ninka aka same ta. Aikin ya ci abin da ya kai shekara 2,700 in da ƙwaƙwalwar kwamfuta guda ce ta yi shi, a tsakiyarsa kuwa akwai matakin da ba ya yiwuwa sai da lissafin jadawalin folinomiyal. Da irin wannan gwaji ake auna ƙarfin makullan sirri da bankuna ke amfani da su.

Me zai hana manhajar aljabara ta yi aikin da kanta? Tana iya yi, sai dai tafiyar hawainiya. Manhajar aljabara kamar babban kanti take, ana son a sami komai a cikinta, saboda haka dabarunta na kowa-da-kowa ne. A ɗauki jadawali mai layi 100 a kwance da 100 a tsaye, gida 10,000 ke nan, kowane gida da folinomiyal mai daraja 1,000, watau lamba 1,001 a gida guda. Lambobin duka sun zarce miliyan 10. In za a ninka irin wannan jadawali da ɗan'uwansa ta hanyar makaranta, sai an ninka folinomiyal da folinomiyal sau miliyan ɗaya, kowane ninki kuma yana ɗauke da ƙananan ninki kimanin miliyan ɗaya. Miliyan sau miliyan ke nan, tiriliyan guda.

Amma akwai hanyar yanke. A koma kan x + 2 da x + 3 na ɗazu. In x sifiri ne, 2 sau 3 ya ba da 6. In x ɗaya ne, 3 sau 4 ya ba da 12. In x biyu ne, 4 sau 5 ya ba da 20. Folinomiyal ɗaya tak mai daraja 2 ke ba da 6 da 12 da 20 a waɗannan wurare uku, ita ce x² + 5x + 6. Ashe ana iya samun amsa ba tare da an taɓa ninka harafi da harafi ba. Haka ake yi wa babban jadawalin: tun da amsar darajarta 2,000 ce, sai a sauya x da lambobi 2,001 daban-daban, kowane sauyi ya ba da jadawalin lambobi zalla, a ninka su, sa'an nan a harhaɗa amsoshin a komo da folinomiyal. Ninkin ya sauko daga tiriliyan zuwa kimanin biliyan biyu, ragin wajen ninki ɗari biyar. Wahalar sauyawa da komowa kuwa dabarar da Cooley da Tukey suka bayyana a 1965 ta sauƙaƙe ta ƙwarai. Bugu da ƙari, tun 1969 Volker Strassen na Jamus ya nuna ana iya ninka jadawali mai gida huɗu da ninki bakwai maimakon takwas, ragin da yakan taru ya yi yawa in jadawali ya girma. A 2003 kuma wasu Faransawa uku, Giorgi da Jeannerod da Villard, suka nuna cewa da yawa daga cikin manyan ayyukan wannan fanni ana iya mai da su ninkin jadawali, ta yadda duk wanda ya iya ninki da sauri ya iya sauran.

Rubuta waɗannan dabaru yadda za su tatse ƙarfin kwamfuta sana'a ce mai zaman kanta, masu ita kuwa ba su da yawa. Su ne suka gina abin da za a kira rumbuna, watau tarin dabaru da aka rubuta da harsunan kwamfuta masu sauri irin su C da C++, ba su da fuskar da mutum zai zauna ya yi hira da su, sai dai wata manhaja ta kira su. Victor Shoup ya fara NTL a 1990. William Hart da David Harvey suka fara FLINT a 2007. Akwai LinBox, haɗin gwiwar jami'o'in Amurka da Kanada da Faransa. A 2019 kuma, a taron masana fannin da aka yi a Beijin, Seung Gyu Hyun da Vincent Neiger da Éric Schost suka gabatar da PML, rumbun da aka gina bisa NTL musamman don jadawalin folinomiyal. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: manhaja tana da fuska da sauƙin sha'ani, rumbu yana da gudu. Saura tafinta.

Wanda ya fi kowa ɗaukar wannan ra'ayi da gaske shi ne William Stein, wanda ya fitar da Sage a watan Fabrairu na 2005. Nufinsa shi ne a sami manhaja ta kyauta da za ta tsaya a madadin masu tsada, ba ta hanyar sake ƙera komai ba, sai ta hanyar ɗinke abin da wasu suka riga suka ƙera da harshen Python. Hanya ta farko da aka bi wajen haɗa Sage da manhajoji irin su Maxima da GAP ita ce ta wasiƙa. Sage takan rubuta tambaya da haruffa kamar yadda mutum zai buga, ta miƙa, ta jira, ta karanta amsa, ta fassara. Hanyar tana da sauƙin ginawa, ta kuma isa in tambayar layi guda ce. Amma a tuna da jadawalin nan mai lamba miliyan 10. A cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta nauyinsa bai wuce megabait 80 ba, amma rubuta shi harafi-harafi, da karanta shi a can, da sake rubuto amsa, na iya cin lokacin da ya fi na lissafin kansa. Kuɗin dako ya fi kuɗin kaya. Ga shi kuma in ɗaya manhajar ta yi wani gargaɗi da ba a zata ba, sai tafinta ya ɗauke shi a matsayin amsa, ko ya tsaya jiran amsar da ba za ta zo ba.

Hanya ta biyu ita ce a shigo da rumbun cikin gida ɗaya da manhajar, su yi tarayya a ƙwaƙwalwa guda, ta yadda ba a ɗauke kaya daga wuri zuwa wuri, nuni kawai ake yi. Don wannan ne masu aikin Sage suka taimaka wajen haihuwar Cython a 2007, harshen da ke tsakanin Python da C. Daga baya Sage ta koma kiran GAP da Maxima ta wannan hanya a yawancin ayyukanta. Manhajar OSCAR, wadda aka gina da harshen Julia aka kuma fitar da cikakken bugunta na farko a 2024, haka ta ɗinke GAP da Singular da polymake da FLINT. A shekarar dai SymPy ta sami damar jingina da FLINT in an girka shi. Ƙa'idar da gwaninta ta koyar ita ce a bar kayan a siffar da rumbu ke so tun daga farko, manhaja ta riƙe igiya kurum, kada a fassara sai mutum ya ce a nuna masa. Dalili kuwa a fili yake: tara jadawali biyu aiki ne da bai fi fassara su nauyi ba, saboda haka aika su waje don tarawa asara ce; ninki da neman siffar Popov su ne suka cancanci tafiyar.

Sai dai zama gida ɗaya shi ma da nasa rigingimu, a nan ne kuma ya kamata a dakata, domin kurakuran wannan wuri ba su ihu. Na farko shi ne jerin lambobi. FLINT da NTL sukan ajiye x² + 5x + 6 daga ƙasa zuwa sama, watau 6, 5, 1. Wasu manhajoji, kamar MATLAB, daga sama suke farawa, watau 1, 5, 6. Tafintan da ya manta da wannan zai karɓi x² + 5x + 6 ya miƙa 6x² + 5x + 1. Abin takaicin shi ne in mai gwaji ya gwada da x² + 2x + 1, misalin da ya fi saurin zuwa bakin kowane ɗalibi, lambobinsa 1, 2, 1 ne ta kowace fuska, sai gwaji ya wuce lafiya alhali kuwa ɓarna na nan kwance. Mudun wata kasuwa ba na wata ba ne, wanda bai tambaya ba shi ke komawa gida da gibi.

Na biyu ya fi wannan haɗari. Yawancin wannan lissafi ana yin sa ne da saura, kamar lissafin agogo, inda ƙarfe 9 da awa 5 ke ba da ƙarfe 2. Akan zaɓi wata lamba da ba ta rabuwa sai da kanta ko da ɗaya, misali 7, duk abin da ya fito a raba shi da ita a riƙe saura. To, a NTL wannan lamba ba a jikin kowane jadawali take ba. Wuri guda ake rubuta ta, duk lissafin da ya biyo baya da ita zai yi aiki har a sauya ta. A ce mai bincike ya gina jadawali bisa 7, sa'an nan ya gina wani bisa 11, sai ya komo kan na farko. In tafinta bai mai da lambar zuwa 7 ba, 5 sau 4 da ya kamata ya ba da saura 6 sai ya ba da 9. Ba gargaɗi, ba tsayawa, amsa ce za ta fito tsaf da ita, ƙarya ce kuma. Shi ya sa a cikin Sage kowane abu da ya fito daga NTL yana tafe da tasa lambar, ana kuma maido ta kafin a taɓa shi. FLINT ta bi wata hanya, tana liƙa lambar a jikin kayan ko a miƙa ta tare da kowane kira, wanda ya fi tsawon rubutu amma ya fi kwanciyar rai. Lambar ƙarama irin 7 tana da wata matsalar kuma: hanyar yanken nan tana bukatar wurare 2,001 daban-daban, lissafin saura bisa 7 kuwa lambobi bakwai kaɗai gare shi, sai rumbu ya bi wata dabara, tafinta kuma dole ya san wace ƙofa zai ƙwanƙwasa.

Sauran sun fi ƙanƙanta amma suna cizo. Darajar folinomiyal da ba komai a cikinta sai sifiri, Sage da FLINT da NTL sukan ce -1, Maple kuwa takan ce ƙasa marar iyaka. Siffar Popov wasu marubuta bisa layin kwance suke tsara ta, wasu bisa layin tsaye. Wani rumbu yana kallon kayan a matsayin jadawali guda mai folinomiyal a kowane gida, wani yana kallonsu a matsayin tulin jadawali 1,001 na lambobi zalla, ɗaya bisa ɗaya; abu guda ne a wurin malami, amma a ƙwaƙwalwar kwamfuta juya wannan zuwa wancan aiki ne. Python takan share abin da aka gama da shi da kanta, C kuwa sai an ce mata. In tafinta ya manta, ƙwaƙwalwa ta yi ta cika har na'ura ta tsaya, in kuma ya share sau biyu manhaja ta faɗi. Rumbun C in ya gamu da abin da ba ya yiwuwa, kamar raba lamba da sifiri, al'adarsa ya kashe aikin gaba ɗaya, ya tafi da lissafin da mutum ya kwana uku yana jira.

Wani zai ce ai sai a sayi manhaja mai tsada a huta, tun da kamfani ya riga ya yi ɗinkin. Gaskiya ne Magma da Maple suna da gudu a wurare da yawa, ba a kuma raina aikin masu su. Amma a 2014 wasu malaman lissafi uku na ƙasar Sifen suka buga rahoto a mujallar ƙungiyar masana lissafi ta Amurka cewa bugun Mathematica da suke amfani da shi a lokacin ya ba su amsar kuskure a wani lissafin jadawali mai manyan lambobi, har yakan ba da amsa biyu daban ga tambaya guda. Sun gane ne don sun gwada da Maple sun ga saɓani. Kuskure ba ya gaban kowa, manhajar kyauta ma tana yi. Bambancin shi ne a Sage da FLINT da NTL rubutun asali a buɗe yake, mai shakka na iya bin sawu har ya kai layin da ya karkace, a rufaffiyar manhaja kuwa iyakarsa ya kai ƙara ya jira. Hujjar lissafi da ta dogara da matakin da ba mai ikon dubawa, hujja ce mai rauni, ko da amsar daidai ce.

Raunin ɓangaren kyauta kuma ba a ɓoye yake ba. Gada ba ta da mai ita. Mai rumbu yana samun suna da sabuwar dabara, mai manhaja yana samun godiyar masu amfani, amma wanda ya zauna ya daidaita mudu da mudu ba kasafai jami'a ke ƙirga masa wannan a cikin ayyukan ƙarin girma ba. Rumbu kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da FLINT ta fitar da bugu na 3 a 2023, ta haɗiye wasu rumbuna uku da a da suke zaman kansu, Arb da Antic da Calcium, duk wanda ya gina gada zuwa gare su sai da ya koma ya gyara. Tarayyar Turai ta taɓa ɗaukar nauyin irin wannan aiki a ƙarƙashin shirin OpenDreamKit daga 2015 zuwa 2019, amma shiri yana da wa'adi, gyara kuwa ba shi da shi.

Ga jami'o'in Nijeriya maganar tana da fuska ta musamman. Lasisin manhajar kasuwa da kuɗin waje ake biyansa, galibi kuma akan sabunta shi, abin da ba kowane sashen lissafi ke iyawa ba, ɗalibin da ya koyi aiki da kwafen sata kuwa ba shi da bakin buga sakamakonsa da sunan manhajar. Sage da FLINT da OSCAR ba su neman kobo. Aikin gina gadar ma ba ya bukatar ɗakin gwaji ko na'ura mai tsada. Kwamfutar cinya, da sanin Python da ɗan C, da aljabarar shekara ta uku a jami'a sun isa a fara. Sage tana da sashen jadawalin folinomiyal mai fitar da siffar Hermite da ta Popov, duk mai son ƙara masa gudu ƙofa a buɗe take, sai dai ba a karɓar aiki da ka. Wani ne daban zai duba shi layi-layi kafin a shigar, kuma dokar Sage ita ce kowace dabara ta zo da misalai a cikin bayaninta, tambaya da amsarta, waɗanda na'ura za ta riƙa sake gudanarwa duk lokacin da aka taɓa manhajar. Mai dubawa da ya san aikinsa zai nemi ya ga an gwada jadawalin da ba kome a cikinsa, da wanda layukansa na kwance suka fi na tsaye yawa, da lissafi bisa 7 da bisa 11 a cakuɗe, da folinomiyal da lambobinta ba su karantuwa daidai ta gaba da ta baya.